Zagin da Na Yi wa Haruna

Jidda, ke ce kika tsare ni a kicin ranar Sallar da ta wuce kina tambayata me na yi wa kawunku Isiyaku, da har yau in na kira shi sai ya miƙa wa matarsa wayar. Na ce miki ki bari in sauke miya. Ba maganar nake gudu ba, tsawonta nake gudu, domin ke da ƙannenki kun saba da labarin da ake gamawa kafin shayi ya huce. To yanzu na bar aiki, gwiwa ta zaunar da ni, lokaci ya samu. Na kuma ji irin labarin da ke yawo a tsakaninku, wai Mama ta zagi ɗan ƙaninta, ta ce ba shi da amfani, shi ya sa uban ya ɗauke mata wuta. Zagin kam na yi shi, da bakina, da rana tsaka, ban kuma janye ba. Amma ku zauna ku ji yadda aka yi.

A gidanmu na Azare ba a kiran sunan ɗan fari. Uwa ba ta kira, uba ba ya kira, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa yabonsa. In baƙo ya ce yaron nan naka akwai hankali, sai uban ya kau da kai ya ce ai shashasha ne, ci kawai ya sani. Baƙon ya san abin da ake nufi, sai ya yi dariya a wuce wurin. Ni 'yar fari ce, har Baba ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In ina nan ni ce "ke", in ba na nan ni ce "yarinyar nan". Abin bai taɓa hana ni barci ba, domin duk unguwar haka ake yi, kuma ga kaka, ga goggonni, ga kawunnai, kowa yana cika mini gurbin. In Baba ya sayo zane mai kyau sai ya ba kakata, ita ta miƙo mini tana cewa ita ta saya, ni da ita duka mun san ƙarya take yi. Da na zo Amurka na haife ki, na duba hagu na duba dama ban ga kaka ba ban ga goggo ba, sai na ajiye kunyar nan gefe. Shi ya sa nake ƙwala miki kira har maƙwabta su leƙo. Isiyaku bai ajiye tasa ba, ya ɗauke ta cur ya kai ta arewacin Ingila, a can aka haifa masa ɗansa na fari, Haruna.

Haruna Bature ne, fata kawai ya yi mana kara. Fasfonsa na can, harshensa na can, karin kumallonsa wake ne a kan burodi, abokansa kuma Hari suke ce masa. Hausa yana jinta sarai, mayarwar ce ke ba shi wuya. Tun yana ƙarami wani kulob na garinsu ya ɗauke shi cikin yaran da suke raino, ɗan wasan tsakiya, wato wanda ƙwallo ke bi ta ƙafarsa daga masu tsaron baya zuwa masu cin raga. Mahaifiyarsa Rabi ta sha ba ni labari: iyayen sauran yaran a bakin fili suke tsayawa, cikin ruwa da sanyi, suna ihu da sunan 'ya'yansu har murya ta dishe, in an tashi kuma su rungume su ko sun ci ko an ci su. Isiyaku kuwa tasi yake ja. Ya sauke yaro a bakin ƙofa ya ja motarsa, in an tashi ya dawo ya ɗauke shi, babu sannu, babu yaya aka yi. Yaron yana gani, kuma babu wata kaka a garin da za ta fassara masa.

Shekarar da ya cika goma sha takwas ita ce shekarar tankaɗe da rairaya a wurinsu. Wasu yaran za a ba su kwantiragi su zama ƙwararru, sauran a sallame su. Kafin a yanke hukunci kocin ya kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗansa a gefe. Ya yabi Haruna, ya ce akwai nutsuwa, akwai ganin fili. Sannan ya juya ga Isiyaku ya ce, kai fa, yaya kake ganinsa? Ƙanina ya gyara zama ya yi abin da ubanmu zai yi, sai dai da Turanci ya yi shi. Ya ce ai malalaci ne, ci kawai ya sani, in sun ga wani abu a tare da shi to kirkinsu ne. Kocin bai yi dariya ba. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya canja magana. Bayan 'yan makonni aka sallami Haruna.

Ni ban ce maganar Isiyaku ce ta jawo ba. Kulob ba ya zubar da yaron da ya yi shekaru yana raino saboda bakin uba guda, kuma an sallami wasu da yawa tare da shi, ciki har da waɗanda iyayensu suka fi kowa ihu. Amma je ka gaya wa ɗan shekara sha takwas haka. Rabi ta kira ni ina hutun cin abinci a gidan kula da tsofaffin da nake aiki.

"Yaya, don Allah ki karɓi yaron nan ko na wata biyu ne. Gidan ya ƙi zaunuwa. Uban ya shigo, ɗan ya fita. Ɗan ya shigo, uban ya tuna yana da fasinja."

"Shi Isiyakun me ya ce?"

"Cewa ya yi a turo miki shi."

Haka Haruna ya sauka gidanmu na unguwar Glenwood, a nan Greensboro, a farkon zafi, lokacin da iska ke yin nauyi mutum ya riƙa gumi yana zaune. Dogo, siriri, jaka ɗaya a kafaɗa, kuma na lura babu takalmin ƙwallo a cikinta. Na rungume shi na ce, oyoyo Baturen Goggo. Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Tun daga ranar ban ƙara ganin yaron nan zaune cikakken zama ba. Ya buɗe firji ya rufe bai ɗauki komai ba. Ya fita baranda ya dawo. Ya yanke ciyawar gabanmu, ya yanke ta baya, ya tsallaka ya yanke ta tsohuwar maƙwabciyarmu, kafin ciyawar ta farfaɗo ya sake bin ta, har ƙasa ta fara fitowa. In na aike shi kanti na miƙa masa makullin mota sai ya ce da ƙafa zai je, a garin da ba wanda ke tafiya da ƙafa sai ɗalibai. Ko tuwo yake ci, da cokali yake cinsa kuma, ƙafarsa tana kaɗawa a ƙarƙashin tebur har miya ta riƙa rawa a kwano.

Babanku Alhaji, Allah Ya ji ƙansa, mutum ne mai son shiru in ya dawo daga sito inda yake aiki. Ya yi haƙuri ya yi haƙuri, ran nan ya same ni a ɗaki.

"Hajiya, yaron nan zai cinye mana kafet da zirga-zirga."

"To in ɗaure shi?"

"Ni dai ina kallonsa sai in ji kamar na manta wani abu a kan wuta."

Gaskiya ya faɗa, abin yana yaɗuwa. Ni kaina na kamu. Na wuce mahaɗar da nake sauka a babbar hanya, hanyar da na fi shekara goma ina bi. A wurin aiki na kai wa wata tsohuwa abincin wata. In na idar da salla sai in kasa zama a kan darduma in ja carbi, in tashi ina goge abin da na riga na goge. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, haushin ubansa kuma ya fi.

Kun tuna filin nan na East Greensboro, bayan wata makaranta, inda mazanmu ke taruwa ran Asabar da safe su buga ƙwallo. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Gana, yawancinsu tumbi ne ke fara isa wurin ƙwallo kafin ƙafa. Ni nakan kai musu masa. Alhaji ya lallaɓa Haruna ya ce ya zo ya riƙe musu ruwa kawai. Ana cikin wasa wani ya dafe cinya ya zube, aka rasa mutum ɗaya, suka yi ca a kan yaron. Ya ƙi, ya ƙi, can sai ya shiga da takalmin yawonsa. Ni ban san ƙwallo ba, har yau ban san dalilin da alƙalin wasa ke busa rabin abin da yake busawa ba, amma ranar na ga abu. Yaron da ba ya iya zama a kujera, da ya shiga fili sai ya nutsu. Ba ya ma gudu sosai. Ya waiga nan, ya waiga can tun ƙwallo ba ta zo ba, in ta zo ya taɓa ta sau ɗaya ta tafi daidai ƙafar mutum. Tsofaffin nan masu haki sai ga su sun zama 'yan wasa, har Alhaji ya ci ƙwallo, abin da ya yi ta ba da labarinsa har ƙarshen rayuwarsa. Malam Idi, makanike mutumin Maraɗi wanda shi ke haɗa wasan, ya fito yana share gumi ya nufo ni.

"Hajiya, wannan petit ɗin, ɗan yaron nan, daga ina kuka samo shi? Wallahi ba na terrain ɗinmu ba ne, ya fi ƙarfin filin nan. Me yake yi a nan yana yankan ciyawa?"

Sai na ƙara zuba masa masa. A mota muna komawa Haruna ya jingina kai da gilashi, ya ce da Turanci kada a sake kawo shi wurin nan.

Ba a jima ba wani koci ya nemo shi. Na wani ƙaramin kulob ne a rukunin ƙasa-ƙasa na Ingila, ya taɓa ganinsa a wasannin yara, ya ji an sallame shi. Ya ce ya zo gwaji, su yi atisaye tare kafin a buɗe kakar wasa, in ya yi musu za su ba shi kwantiragi. Amma ya zo da wuri, domin ana fara wasanni ƙofar ta rufe. Kulob ɗin ba shi da nisa da garinsu, kuɗin da za su ba shi kuma ba zai kama masa ɗaki ba, dole a gidan ubansa zai zauna. Na same shi a baranda bayan la'asar yana ɓare fentin jikin katako da farce.

"Yaushe za mu sayi tikiti?"

"Ba zan koma ba, Goggo. Zan nemi school a nan, ko aiki, anything."

"Ƙwallon ce ta fita ranka?"

Da ya buɗe baki Hausar ta gudu, da Turanci ya ƙarasa, ni ce nake mayar muku da ita.

"Baba ya ce ni ba komai ba ne. A gabana, a gaban kocina. Tun ina yaro yake kai ni, bai taɓa tsayawa ya kalle ni ba. Ko sunana ba ya iya faɗa. In koma gidansa in sake faɗuwa yana kallo?"

Na zauna na yi masa bayanin kunyar ɗan fari tun daga tushe. Na ba shi labarin Baba da zane da kakata. Ya saurara da ladabi, ba ya katse babba, wannan kam Rabi ta koya masa. Da na gama ya ce:

"Kowa haka yake ce mini, Goggo, wai culture ne. Ke kin gani da idonki a wurin babanki. Ni me na gani?"

Na kira Isiyaku a daidai lokacin da na san ya tsaya cin abinci. Muka gaisa, na tafi kai tsaye.

"Ka kira ɗanka ka ce masa ya dawo ya je gwajin nan."

"Yaya, yaron da ke hannunki ai naki ne. Abin da kika yanke shi ke nan."

"Ba yankewa nake nema ba. Ka buɗe baki ka ce masa ya iya. Kalma biyu."

Na ji yana juya cokali a kofi.

"Ya su Alhaji? Ya zafi?"

Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Kwanaki suna tafiya, kocin ya sake kira, Haruna ya bar wayar tana ringin a kan tebur ya fita ya yi gudu cikin rana har ya dawo rigarsa tana ɗiga. Ni kuma na shiga safa da marwa tsakanin kicin da falo. Ina cikin wanke tukunya wani abu ya faɗo mini. Ina 'yar shekara tara ko goma, wata maƙwabciyarmu a Azare ta ce mini ƙazama a bakin rijiya, ta ce ba wanda zai aure ni. Baba yana zaure ya ji. Mutumin da bai taɓa kallona ido cikin ido ba ya fito ba ko hula, ya wanke matar nan tas, ya lissafa mata aikin da nake yi tun daga asuba, abubuwan da ban san yana gani ba. Ashe an hana uba yabon ɗan fari, amma ba wanda ya hana shi faɗa a kansa. Na ajiye tukunyar da kumfa a jikinta na je na gaya wa Alhaji abin da zan yi. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, ki yi tunani. Riga za ki tuɓe wa mutum a gaban ɗansa na fari."

"Na yi tunanin."

"Isiyaku ba zai yafe miki ba. Na san shi, ke ma kin san shi."

"Ni yayarsa ce. Ni na goya shi."

"Shi ya sa zai fi jin zafi."

Ban ce Alhaji bai faɗa mini ba. Ya faɗa, na ji, na kuma san gaskiya ce. Na auna ƙanina a hannu ɗaya, yaron a ɗaya hannun, na ga Isiyaku ya riga ya yi rayuwarsa, shi kuwa wannan ko farawa bai yi ba.

Washegari na ce Haruna ya raka ni kantin kayan Afirka ya ɗaukar mini kaya. Muka sayi garin masara da manja da daddawa, ya loda a bayan mota. Hadari ya haɗo ta yamma, irin na ranakun zafi mai zuwa da tsawa. Muka shiga mota, ban tayar ba. Na haɗa wayata da lasifikar motar, na juya na nuna shi da yatsa.

"Zan kira babanka. Ko tari ka yi sai na yanke maka kunne."

Kafin ya ce wani abu na danna lambar, ta shiga. Isiyaku yana cikin tasi, ba fasinja. Muka gaisa. Na daure na saki murya irin ta wadda ta gaji.

"Isiyaku, na yanke. Yaron nan ba zai je gwajin ba. Alhaji zai nema masa aikin ɗaukar kaya a sito."

"To."

"Ai gaskiyarka ce tun farko. Na kai shi fili na gani da idona, ba shi da ƙafa. Ko gudu ba ya yi, yana tsaye a tsakiya yana waige-waige kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Tsofaffi masu tumbi suna wuce shi. Turawan nan sun yi haƙuri da suka riƙe shi tsawon shekarun nan. Asarar man mota kawai ka yi."

Haruna ya juyo ya zuba mini ido, bakinsa a buɗe. Na ɗaga masa hannu. Sai muryar ƙanina ta fito, muryar da ban ji irinta ba tun muna yara.

"Yaya, da girmanki. Me kika sani a ƙwallo? Waige-waigen da kike faɗa shi ne wasan! Kafin ƙwallo ta zo masa ya riga ya san inda kowa yake, ya san inda za ta tafi. Sauran suna gudu ne saboda ba sa gani. A duk yaran nan babu mai ganin fili kamarsa, babu!"

"Kai ina ka gani? Ba sauke shi kake yi ka tafi ba?"

"In tafi ina? Akwai titi a saman filin, ta bayan shinge, a nan nake fakin. Fasinja su yi ta kira in ƙi ɗauka. Wane wasa ne ban gani ba? Ranar da alƙalin wasa ya kori mutum ɗaya a cikinsu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wa ya riƙe tsakiyar nan shi kaɗai har aka tashi? Ranar da aka taka masa idon sawu ya tashi ya ci gaba, ni na san da ɗingishi ya shigo mota, yana ɓoyewa. Watannin ƙarshe suka ɗauke shi daga tsakiya suka kai shi gefe, inda ba wurinsa ba, sannan suka ce bai yi ba. Su suka yi asara, wallahi su suka yi asara! Ki ce ba shi da ƙafa? Ƙafarsa ta hagu kaɗai ta fi..."

Ya ja numfashi.

"Sito? Ɗana ne, Yaya. Ɗana ne. Ki sa mini shi a jirgi."

Ruwa ya fara sauka a kan gilashi. Na kasa duban gefena. Sai na ji yaron ya matso kusa da lasifika, da wata ƙaramar murya ya ce:

"Baba."

Ba abin da ke fitowa daga Ingila sai ƙarar sigina ta tasi, ƙyat, ƙyat, ƙyat. Da Isiyaku ya yi magana muryarsa ta koma ƙasa, a sanyaye.

"Yaya. Da shi a nan?"

"Da shi."

"Tun farko?"

"Tun farko."

"Kin kyauta."

Ya kashe. Haruna ya kifa kai a kan gwiwa ya yi kuka irin na yara, kafaɗunsa suna girgiza, ni kuma na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon ruwa yana wanke motocin mutane. Kada ku ɗauka daɗi na ji. Na samu abin da na fito nema, amma ji na yi kamar na leƙa ƙanina yana wanka. Muka zauna har ruwan ya tsagaita, manja yana narkewa a baya. Da muka isa gida bai ko taya ni sauke kaya ba, ya wuce ɗaki ya kira kocin.

Sauran kun san shi. Ya je gwajin, suka ba shi kwantiragin shekara ɗaya, kuɗi kaɗan, doguwar tafiya a bas cikin sanyi, wata ran a benci zai ƙare wasan. Daga nan ya fara hawa. Isiyaku ne ya ɗauko shi a filin jirgi, kuma Rabi ta ce har suka iso gida ba wanda ya ce uffan, sai dai ta ga uban ne ya shigo da jakar. Har yanzu ba hira suke yi ba, har yanzu "yaron nan" ne. Amma yanzu Isiyaku yana shiga da motarsa ta ƙofar filin wasa, ya sayi tikiti kamar kowa, ya zauna can ƙarshen layi ya harɗe hannu.

Ni kuwa tun ranar ban sake gaisawa da ƙanina ba. Na kira, ya miƙa wa Rabi. Na aika Alhaji, ya karɓe shi da mutunci, suka yi hirar duniya, da aka zo kaina ya ce ba komai, ya wuce. Da Alhaji ya rasu Isiyaku ya yi wa kowa ta'aziyya, ku ma ya kira ku ɗaya bayan ɗaya, tawa kuma ta bakin Rabi ta zo. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da shi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci ina tuƙi sai in ji hawaye. Amma da za a mayar da ni cikin motar nan da hadarin nan, lambar zan sake dannawa.

Sau ɗaya na ji muryarsa a kaina. Ranar da Haruna ya fara buga cikakken wasa a matsayin ƙwararre, aka tashi sun ci, ya kira ni ta bidiyo daga kujerar bayan tasi, gashinsa a jiƙe, yana ta zuba Turanci ina kama rabi. Ta gefen kafaɗarsa ina hango ƙeyar Isiyaku da kunnensa ɗaya. Furfura ta cinye ƙeyar, ban san ta yi yawa haka ba. Haruna ya juya wayar gaba.

"Baba, ga Goggo."

Bai waigo ba. Ya ci gaba da tuƙi har na fid da rai. Sannan ya ɗan ɗaga kai ya dubi ɗansa ta madubi.

"Ka tambayi matar nan, har yanzu babu ƙafar?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, na ma fara kiran sunansa, sai na ga ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.